Juya Akori-Kura Mai Gas Daga Otomatik Zuwa Giyar Hannu: Abin Da Na Gani Da Idona

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu masu fataucin dankali ya gabatar a zaman ƙungiya.

 

Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi magana yau, sai da na yi dariya. Ni ba bakanike ba ne, ban taɓa riƙe sifana don neman abinci ba, karatuna ma na Islamiyya ne, daga nan sai kasuwa. Amma ya ce ai shi ya sa, wai wanda wuta ta ƙona ya fi mai kallo sanin zafinta. Kuma gaskiyarsa, domin a cikin wata biyun nan mutum huɗu ne daga cikinmu suka same ni a Farin Gada da tambaya iri guda: Alhaji, motata otomatik ce, giyabos ya fara ciwo, in juya ta zuwa giyar hannu kamar yadda ka yi? To maimakon in dinga ba kowa amsa a tsaye a bakin rumfa, gara in faɗa sau ɗaya a gaban kowa.

Mu da muka haura hamsin mun tashi ba mu san wata aba otomatik ba. Akori-kurar da muka buɗe ido muka gani ita ce Peugeot 404, mai giya a jikin sitiyari, sai 504 ta biyo baya, wadda a da ake haɗawa a Kaduna a kamfanin da ya fara aiki a 1975. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, da 404 ya yi ta jigilar hatsi tsakanin Saminaka da Jos, kuma duk bakaniken da ke garin nan zai iya sauke giyabos ɗinta da safe ya mayar kafin la'asar. Otomatik ta shigo mana ne da motocin Baljiyam da ake kawowa ta Kwatano, kuma a ƙananan motoci ta fara. Daga baya har manyan da muke lodi da su suka fara zuwa da ita.

Tawa Toyota Hilux ce ƙirar 2008, mai injin gas lita uku, wanda kanikawa ke kira 1KD, mai ogzilari, wato mai ja da ƙafa huɗu. Na saye ta a ƙarshen 2016, ana ta rububi, saboda gwamnati ta ce daga 1 ga Janairun 2017 an hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa. Na so mai giyar hannu, ban samu ba, dillali ya ce mini ai wannan ta fi daɗi, ƙafa ɗaya kawai, kamar kana zaune a falo. Ba ƙarya ya yi ba. Ta yi daɗi shekara biyu da wani abu.

Abin da dillali bai gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba, shi ne cewa wanda ya fara hawan motar nan a Turai ba dankali yake ɗauka ba. An yi ta ne ta ɗauki kayan da bai wuce tan ɗaya ba. Ni kuwa, kunya ta hana in faɗi abin da nake ɗora mata daga kasuwar Maikatako a Bokkos, amma duk wanda ke nan ya san yadda muke yi, sai sifirin ya kwanta sannan mu ce lodi ya yi. Ga shi kuma ƙasarmu tudu ce. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, duk inda ka fita sauka za ka yi, duk inda ka dawo hawa za ka yi.

Bari in ɗan bayyana yadda aka bayyana mini, don a gane inda ciwon yake. A mota mai giyar hannu, tsakanin inji da giyabos akwai kuloci, faranti ne da ke manne wa faranti. In ka saki ƙafa sun kama juna, ƙarfe da ƙarfe, ƙarfin inji ya wuce kai tsaye. A otomatik kuwa babu wannan. Abin da ke wurin wata ƙwarya ce ta ƙarfe cike da jan mai, kanikawa na ce mata konbata. Inji yana kaɗa man, man kuma yana kaɗa giyabos. To duk sanda mota ke fama da nauyi a kan hawa, man nan sai ya yi ta ɗaukar zafi. In zafin ya yi yawa ya ƙone, ya koma baƙi yana warin ƙauri, sai ƙananan filetan da ke cikin giyabos su bi shi. Zafi ne ke kashe otomatik. Ni kuma a shekara biyun nan ban taɓa canza jan man ba, domin wani ya ce mini ba a taɓa shi har abada, na kuwa yarda tunda maganar ta yi wa aljihuna daɗi.

A damina ta 2019 ta fara nuna alama. Ka taka totur inji ya yi ihu, mota ba ta gaba. Ka sa ribas sai ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta zabura. Wata rana ta tsaya cak a hanyar Barkin Ladi da lodi a kanta. Nan ma na ƙara wani kuskuren: na sa aka ɗaure ta da igiya aka jawo ta har Jos ba a kwance farfela ba. Otomatik in inji ba ya aiki famfon mai ba ya aiki, ga tayoyi suna juya kayan ciki a bushe. Abin da zafi ya rage, jan igiya ya ƙarasa.

Yanzu ga zaɓi uku a gabana. Ko a gyara wanda ya lalace, ko in sayi wani otomatik ɗin Baljiyam, ko a juya ta gaba ɗaya. Gyara, masu iyawa ba su da yawa, kuma babu mai ba ka tabbaci. Na Baljiyam kuwa, a watan Agusta na shekarar aka rufe kan iyakoki, kaya suka yi wuya, kuma saye ne na kifi a ruwa, ba ka san abin da ke cikinsa ba sai an ɗaura. Sai na zaɓi juyawa. Har yau ban yi nadamar zaɓin ba. Yadda na yi shi a karon farko ne abin nadama.

Na sami wani bakanike, ba zan faɗi sunansa ko garejinsa ba, domin laifin rabi nawa ne, ni na matsa a yi mai araha. Muka shiga Dilimi muna tsintar kaya ɗai-ɗai. Giyabos a wannan shago, fulawil a wancan, feda a wurin 'yan gwangwan. Giyabos ɗin da muka samu bai zo daidai da tsawon na da ba, saboda haka farfela ba ta kai ba. Sai aka kira mai walda ya yanka ya ƙara guntun bututu, da ido kawai, babu awo. Gadar da ke riƙe giyabos daga ƙasa ita ma ramukanta ba su hau ba, aka huda sababbi. Wayoyin da ke zuwa tsohon giyabos aka naɗe su da salatif aka cusa a gefe. Kwana biyar aka ba ni mota, na biya, ina murna na yi wayo.

Tun ranar farko fitilar inji ta kama a dashbod ba ta mutu ba. Bakanike ya ce kada in damu, ado ce. Allurar gudu ba ta motsi. In na kai wani gudu sai motar ta ɗauki rawa, kujera na kaɗawa kamar injin niƙa. Ya ce za ta saba. In na sa ribas fitilar baya ba ta kamawa. Kuma ƙarfinta ya ragu, domin irin wannan injin yana da kwamfuta, wadda muke ce wa birenbos, kuma birenbos ɗin na otomatik ne, yana ta neman giyabos ɗin da aka cire bai gan shi ba.

Wata uku muna haka. Ranar da abin ya faru yarona ne ke tuƙi, ɗan ƙanwata, ina gefensa, mun taso daga Bokkos da lodi mun wuce Heipang. Sai muka ji ƙara a ƙarƙashinmu kamar an harba bindiga, mota ta yi tsalle. Waldar nan ce ta ɓalle. Allah Ya sa daga baya ta karye, farfelar ta faɗi tana jan ƙasa. Da daga gaba ta saki ta caki kwalta, da lodin da ke kanmu, wallahi ban san ko da ni ne ke tsaye a nan yau ba. Yaron ya yi ƙoƙari ya sauka gefe. Muka fito muka zauna a kan dutse, babu mai magana. Abin da ke raina a lokacin ɗaya ne: jibi ne ya kamata mu sauka Hawan Kibo da wannan motar zuwa Abuja. Kowa a nan ya san Hawan Kibo, kuma kusan kowa ya san wani gida da aka yi zaman makoki saboda shi. Garin gyaran gira na tashi rasa ido, kuma ba nawa kaɗai ba, har da na ɗan mutane.

Karo na biyu sai na nutsu. Wani dattijon bakanike a Farin Gada, wanda ya yi shekaru yana aikin motocin gas, ya duba ta ya girgiza kai, ya ce mini magana ɗaya wadda ita ce dalilin tsayuwata a nan. Ya ce wannan aiki ba a tsintar kayansa. Mota guda ake nema, irin taka sak, mai inji irin naka, mai giyar hannu, wadda ta yi haɗari ko aka yanko ta daga waje, a kwashe komai daga jikinta a zuba a taka. Muka yi wata biyu muna cigiya. Aka tambaya a Panteka ta Kaduna, aka tambaya a Ƙofar Ruwa ta Kano, a ƙarshe daga Ladipo ta Legas aka samo. Motar tana ajiye, ina biyan haya wa wasu suna ɗaukar mini kaya, raina na ɓaci, amma na daure.

Ku saurari yawan abin da ya fito daga jikin waccan motar, don wanda ke tsammanin giyabos kaɗai ne ya sake lissafi. Giyabos da ogzilarinsa a haɗe. Fulawil, domin abin da ke bayan injin otomatik faranti ne siriri wanda kuloci ba zai zauna a kansa ba, har da notocinsa, don tsawonsu ba ɗaya ba ne. Wani ɗan ƙaramin boris da ke zama a tsakiyar gindin inji, inda hancin giyabos ke shiga. Abin bai kai kwalbar turare ba, a otomatik babu shi, kuma na farkon ya manta da shi sam. Sai feda uku da mazauninsu, domin fedar birkin otomatik faffaɗa ce, ba ta barin wurin ta kuloci. Sai masta ta sama da ta ƙasa da bututun da ya haɗa su. Sai gada, sai farfela ta gaba da ta baya, sai sandar giya da robarta, sai wayoyi, sai birenbos tare da makullinsa, saboda a irin waɗannan motoci makulli da birenbos sun san juna, in ka canza ɗaya ka bar ɗaya mota ba za ta tashi ba. Filet da diski da rilis kuwa ya ce kada in sa tsoho, sababbi na saya, kuma na injin gas. Injin gas yana da ƙarfin ja tun yana ƙasa-ƙasa, filet ɗin da bai kai ba zai cinye shi cikin 'yan watanni. Haka shi ma giyabos na motar fetur, ko da sunan motar ɗaya ne, bakinsa ba ya hawa injin gas.

Akwai wani abu da ya nuna mini wanda nake so kowa ya je ya duba a motarsa. Toyota tana manna wani ɗan faranti a jikin mota, mai ɗauke da lambar shasi, a ƙasa kuma akwai lambar giyabos da ta aksil. Da wannan ake sayayya, ba da "irin ta Alhaji wane" ba. Maganar aksil ɗin ma ba ƙarama ba ce, domin sau da yawa haƙoran aksil na otomatik da na giyar hannu ba lissafinsu ɗaya ba. In ba a duba ba, sai ka ga mota tana nishi a giya ɗaya in za ta tashi da kaya, ko allurar gudu tana yi maka ƙarya. A mai ogzilari kuma dole na gaba da na baya su zama iri ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa ogzilari za su yi ta kokawa da juna har wani ya karye.

Mai waya ya yi kwana biyu a kanta shi kaɗai. A otomatik akwai makunnin da ke hana mota tashi sai tana fakin ko firi. Na farkon haɗe wayoyin kawai ya yi, shi ke nan. Wannan kuwa ya bi kowace waya ya kai ta inda ya kamata, fitilar ribas ta dawo, allurar gudu ta dawo, fitilar inji ta mutu. Aka toshe bututu biyu da ke kai jan mai lagireto. Amma ku sani, yanzu mota za ta iya tashi tana cikin giya. Wanda ya saba da otomatik sai ya koya wa ƙafarsa taka kuloci kafin ya murɗa makulli, musamman a gida inda yara ke wasa gaban mota.

Ba zan faɗi kuɗi ba, domin tun da aka saki Naira a 2023 farashin da ka ji yau kafin a buga mujallar nan ya tsufa. Abin da zan ce shi ne, aikin kirkin ya ci kusan ninki biyu na aikin arahar, kuma da tun farko shi na yi, da na huta da biyan na farkon, da hayar wata biyu, da dankalin da ya kwana a hanya. Kuma ku karɓi rasit na kowane ƙarfe, da sunan shago a kai. Kayan mota na sata suna yawo, ranar da aka tare ka takarda ce za ta yi maka magana.

To me na samu? Tun 2020 motar nan take aiki, filet sau ɗaya na canza. In ta yi ciwo, kowane gari na shiga akwai mai iya taɓa ta, ko Mangu ko Saminaka. Da sanyin Disamba, in batir ya yi sanyi hita ta kasa, yara huɗu su tura ta a gangare ta tashi, abin da otomatik ba ta yi. Shan mai ya ɗan ragu, ban ce da yawa ba, amma a 2022 da litar gas ta tashi daga wajen Naira 300 ta haura 700 cikin 'yan watanni, ɗan kaɗan ɗin nan na ji shi a aljihu. Babban abin dai shi ne gangara. In na doshi Hawan Kibo tun daga sama nake sa giya biyu, inji ya riƙe, birki na taimaka masa kaɗan-kaɗan.

A nan zan yi wa otomatik adalci. Ita ma tana da 2 da L a jikin sandarta, an sa su ne don gangara, yawancinmu ne ba mu taɓa kai hannu wurin ba, muna barin ta a D muna taka birki har ya yi hayaƙi. Saboda haka wanda giyabos ɗinsa ke lafiya, kuma ba lodi yake yi kamar nawa ba, shawarata kada ya taɓa. Ya canza jan mai a kan lokaci, da irin wanda aka rubuta wa motar, ba wanda mai shago ya miƙo ba. Ya sa a ƙara masa ɗan lagireto na sanyaya man. Ya duba kada ruwan lagireto ya haɗu da man, in ya ga ya koma kamar madara ya tsaya nan take. Dattawanmu masu ciwon gwiwa kuma, ga cunkoson Terminus da Bauchi Road, me zai kai ku taka kuloci sau ɗari kafin azahar? Juyawa ta mai lodi ce wanda giyabos ɗinsa ya riga ya mutu, kuma ya sami motar da zai kwashe kayanta.

Direbobinmu, ku nake kallo yanzu. Giyar hannu ta zo da wata fitina da otomatik ba ta cika jawowa ba, wato sa mota a firi a gangara don a rage shan mai. Wasu har kashe inji suke yi. Ku ji tsoron Allah. Injin gas dama bai kai na fetur riƙe mota a gangara ba, shi ya sa manyan motoci ke da birkin salansa. In ka sa firi, ɗan riƙon da yake yi ma ka zubar. In ka kashe inji kuma, famfon da ke sa birki ya yi laushi ya tsaya, taku biyu ko uku feda za ta koma kamar dutse, sitiyari ma ya yi tauri. Man da za ka rage bai kai kofin shayi ba. Yarona ya san sharaɗina, ranar da na ji ya yi, ranar zai ajiye makulli, ko da ɗan ƙanwata ne.

Sai magana ta ƙarshe, wadda wani ya yi mini raɗa a kanta kafin mu shigo. Ya ce in an tashi sayarwa fa? Gaskiya ne, motar da aka juya ba ta yin kuɗin wadda ta fito haka daga kamfani, mai saye in ya gane zai rage. To amma tun muna yara a Islamiyya, a babin ciniki, an karantar da mu hukuncin ɓoye aibin kaya, kuma ban ga inda aka cire mota ba. Wanda ya san ƙarfe ma ba ka ɓoye masa, farantin nan da na ambata zai tona ka, tunda lambar otomatik ce a kai. Ni takardun aikin duka suna cikin leda a aljihun motar, duk wanda zai saya zai gan su kafin mu yi maganar kuɗi.

Motar tana waje, na ajiye ta kusa da ƙofa. Na roƙi dattijon da ya yi aikin ya zo, ga shi can zaune, bai so in nuna shi ba. Bayan an tashi, masu tambayar nan huɗu da duk mai sha'awa, ku zo a buɗe bonet, wanda bai ƙi ƙura ba ya leƙa ƙasa ya ga farfela da gada. Ku zo da lambar da ke jikin farantin motarku in kun rubuto, shi zai gaya muku abin da za ku nema.